Masaƙiyar Zogalen Inna

Gyadi-Gyadi, Kano
27 ga Yuli

Zuwa ga Baffa Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan sanyin Mambila bai kama maka ƙirji ba kamar bara. Mu nan kowa lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma shiga lambunta na bayan gida. Baba da Umma da Fiddausi suna gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Idan ka hau tudu ka sami sabis ka kira wayar Baba, kowa yana zaune yana saurarona, sai bakina ya mutu, ba na iya wuce "lafiya lau". Da na ji Malam Ɗan'azumi direba yana kawo ayaba 'Yan Lemo daga wajenku duk mako, sai na roƙi Baba ya riƙa kai masa takardata.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kafin a ba mu hutu, Malama Tabita mai koya mana ilimin halittu ta ba 'yan aji biyar aiki. Kowace za ta tara ƙananan yaran layinsu ta koya musu amfanin halitta guda. Ta rubuta sunayen halittun a 'yan takardu, ta zuba a kwali, kowa ta zara. Wata ta sami zuma, wata kaza, wata raƙumi. Ni na buɗe tawa na ga gizo-gizo. Aji ya ɗauki dariya. Wata daga baya ta ce, "Sun dace, daga ita har shi ba mai magana."

Baffa, zangon da ya wuce an tsayar da ni gaban aji, na kasa cewa komai, har na yi kuka. Ba na son a sake haka. Malama ta ce za ta zo da kanta ta gani, tunda gidanta a Unguwar Gano yake. Ta sa mini Asabar ɗin ƙarshen Agusta, ranar tsafta, da ƙarfe goma, don ranar duk yaran layi suna gida.

Shekaranjiya na je tsinko wa Inna ganye, sai na ga wani babban gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin zogale da katanga. Jikinsa rawaya da baƙi, a tsakiyar saƙar akwai wani farin zare mai lanƙwasa kamar aikin surfani. Na daɗe ina kallonsa. Na yi tunanin idan yara suka gan shi da idonsu, ba sai na yi magana da yawa ba. Amma me zan ce musu? Duk wanda na tambaya a gidan nan cewa yake tautau ba shi da amfani sai kawo ƙuraje da tsiya. Kai malamin gona ne, ka taimake ni.

'Yarka,
Sa'adatu

*

Daga kan dutsen Mambila
3 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ruwa da ba ya ɗaukewa. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata kada ta ɗauki bokiti da wannan gwiwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ashe mai "lafiya lau" tana da baki, a alƙalami ta ɓoye shi!

Da farko, wannan da kika gani mace ce. A irinsu, mai girman nan da ke zaune tsakiyar saƙa ita ce macen, namijin ɗan mitsitsi ne, da ƙyar za ki lura da shi. Na biyu, ki ƙirga ƙafafunta. Ƙuda da sauro da fara shida gare su, ita takwas. Yara suna son ƙirga, ki fara musu da wannan.

Amfaninta kuwa, ba zan faɗa miki ba tukuna, ke za ki faɗa mini. Ki sami farin faranti ki ajiye ƙarƙashin saƙar, ki danne shi da dutse. Kullum da safe ki duba abin da ya faɗo ciki. Idan ta gama cin abin da ta kama, takan yar da ƙwanson. Ki riƙa tarawa. Kada ki taɓa ta, kada ki tsokane ta da tsinke. Ita ba ruwanta da mutum, amma kowace halitta idan aka matsa mata za ta kare kanta.

A nan akwai wani manomin kabeji da nake zuwa gonarsa. Shekara uku ina roƙonsa ya rage feshi, don maganin yana kashe mai ɓarna ya haɗa da mai gadi. Bana ya bar mini kunya huɗu a gefe don ya rabu da surutuna. Da safe idan raɓa ta sauka, sai ki ga kunyoyin nan sun yi fari da saƙa. Har yanzu bai ce na yi gaskiya ba, amma na ga ya daina zagina.

Batun magana gaban mutane, kada ki haddace komai. Abin da ido ya gani ba ya ɓace wa baki.

Baffanki,
Rabi'u

*

Gyadi-Gyadi
10 ga Agusta

Zuwa ga Baffa Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai Fiddausi, zan zo kan maganarta.

Na yi yadda ka ce. Farantin Umma na tangaran na ɗauka, ta yi faɗa, daga baya ta bar mini. Baffa, abin mamaki! A kwana biyar na tsinci ƙudaje tara, fara biyu, da ƙananan malam-buɗe-littafi masu ruwan ƙasa, duk a naɗe cikin zare kamar an ɗaure ƙullin magani. Littafinmu ya ce irin waɗannan ne suke yin ƙwai a ganye, ƙwan ya zama tsutsa. Ka san yadda Inna take faɗa idan ta ga tsutsa a zogalenta. Na sami gwangwanin madara ina zubawa, na ɓoye shi ƙarƙashin gadonmu. Fiddausi ta raɗa wa gizo-gizon suna Hajiya Masaƙiya, kullum sai ta je ta ce mata ina kwana.

To ranar Alhamis Fiddausi ta tashi da wani ƙurji a wuya, dogo, ja, kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Inna tana gani ta ce, "Tautau ne! Fitsarinsa ne wannan, tun ina yarinya na san shi." Fiddausi kuma, da yake shekararta biyar, ta buɗe baki ta ba da labarin Hajiya Masaƙiya kaf.

Inna ta ɗaura tsintsiya a kan dogon gora, ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko zare ba. Tana yi tana cewa, "Gidan da yana ta yi yawa arziki ba ya kwana. Ni da nake kakkaɓe tsiya, ashe jikata kiwonta take a bayan gida!" Da ta nufi lambu sai na fashe da kuka. Baba ya ce, "Inna, a yi haƙuri a tambayi Rabi'u, ai fanninsa ne." Ta jingine goran ta ce, "To, a tambayi bokon."

Yanzu kai ake jira. Don Allah ka rubuto abin da za a karanta mata.

'Yarka,
Sa'adatu

*

14 ga Agusta

Sa'adatu,

Ina tsaye bakin mota, Ɗan'azumi yana ta danna ham. A kai Fiddausi asibiti yau, kada a shafa mata komai. Ban ce ki kawo abin nan inda yara suke kwana ba. Ki fitar da shi. Abin da Inna ta ce shi za a yi. Ki gaishe da kowa.

Rabi'u

*

Gyadi-Gyadi
18 ga Agusta

Zuwa ga Baffa Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Fiddausi ta sami sauƙi, wurin ya fara bushewa.

Takardarka ta zo, Baba ya karanta ta a tsakar gida. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, bokon bai cinye masa hankali duka ba." Ta ce ranar tsafta za ta share lambun gaba ɗaya, idan gwiwarta ta huta. Ranar ce fa Malama za ta zo. Shara daga bakwai zuwa goma, yara kuma ƙarfe goma. Za su zo su tarar da katanga.

Baffa, ban yi maka musu ba, amma ban gane ba. Ni ban taɓa kawo Masaƙiya ɗaki ba. Tana nan a zogale inda Allah ya ajiye ta. Ƙwanson ƙwari ne a gwangwanin, kuma na fitar da shi, yana bayan randa. Idan wani abu na rubuta da ya ɓata maka rai, ka yafe mini. Na ga ko "'yata" ba ka sa ba.

Mun je asibiti ni da Umma. Ma'aikaciyar jinyar ta duba ta ce da damina suna ganin irin wannan da yawa. Ta ce yawanci wani ɗan siririn ƙwaro ne, ja da baƙi, mai son hasken fitila. Ba ya cizo, amma idan ya hau jiki aka murtsuke shi, ruwansa ne yake ƙona fata. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta, "Ba gizo-gizo ba ne?" Ta ce ita dai ba ta zaton haka. Da muka faɗa wa Inna sai ta ce, "Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mini tautau?"

Saura kwana goma sha biyu. Na yi tunanin in je in ce wa Malama ba ni da lafiya, amma ƙarya ce. Ina jiran amsarka.

'Yarka,
Sa'adatu

*

Gyadi-Gyadi
31 ga Agusta

Zuwa ga Baffa Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa muka ji shiru. Sau biyu Baba yana zuwa 'Yan Lemo, an ce motar Malam Ɗan'azumi ba ta shigo ba. Wayarka ma ba ta shiga. Ban sani ba ko hanya ce ko fushi kake yi. Ko ma mene ne, zan ba ka labarin jiya, don kai ka fara koya mini.

Tun da muka dawo daga asibiti nake neman ƙwaron nan. Ranar Laraba da safe na gan shi maƙale a gefen saƙar, wajen da ke kallon fitilar bayan gida. Masaƙiya ba ta ci shi ba, ko kusa da shi ba ta je ba, amma zaren ya riƙe shi. Na sa tsinke na ciro shi a hankali na saka a kwalin ashana. Ban faɗa wa kowa ba.

Jiya bayan mun share tsakar gida mun kwashe kwata, wajen tara da rabi, Inna ta ɗauki goranta ta nufi lambu. Na riga ta zuwa, na juye gwangwanin a faranti, na durƙusa a gabanta na miƙa mata da hannu biyu. Ban yi gardama ba, Baffa. Cewa kawai na yi, "Inna, ki duba kafin ki share."

Ta ce, "Wannan wace ƙazanta ce kuma?"

Na ce, "Abin da ta kama ne a zogalenki, na mako uku da 'yan kwanaki."

Ta sunkuya, ta sa kara tana juyawa. Farantin ya kusa rufuwa. Ta ga fara, ta ga ƙudaje, ta ga masu ruwan ƙasan nan. Ta ɗaga kai ta dubi zogalen ta daɗe. Ka san Inna, ta fi kowa sanin ganyenta.

Sai na buɗe kwalin ashanar. Kafin in ce komai Fiddausi ta leƙo ta yi ihu, "Lah! Irin wannan ne ya hau wuyana ina cin tuwo, na murje shi!"

Inna ta ce, "Ke, don ubanki, me ya hana ki faɗa tun ran nan?"

Fiddausi ta ce, "Ai ba a tambaye ni ba, ke kika ce tautau ne."

Umma da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Inna ta ce, "Ikon Allah. Mun zaci wuta a masaƙa, ashe a maƙera take." Ba ta ce ta fasa ba, amma ba ta ɗaga goran ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ɗora goran a cinya.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna Malama Tabita ta yi sallama. Yara goma sha huɗu suka shigo, har da 'yan biyun gidan mai wanki. Na zaunar da su a tabarma nesa da saƙar. Na tsaya. Baffa, sai abin nan ya dawo. Harshena ya yi nauyi, na ga idanu kawai. Wani yaro ya ce, "Anti, mun zo." Sauran suka fara dariya.

Sai Inna ta kwance tsintsiyar daga jikin goran, ta miƙo mini goran ta ce, "Ungo, malami ba ya koyarwa hannu sake. Nuna musu."

Na karɓa. Na juya wa yaran baya na kalli Masaƙiya, na nuna ƙafarta daga nesa na ce, "Wa zai ƙirga mini?" Suka ɗauka baki ɗaya, ɗaya, biyu, har takwas. Na ce ƙuda fa? Aka yi ta gardama, sai da na zagaya da faranti kowa ya ƙirga da kansa. Daga nan ban san lokacin da na juyo ina kallonsu ba.

Na ce musu ita ba ta cin ganye, ba ta cin tuwo, masu cin ganyenmu da masu sauka a tuwonmu take kamawa. Na ce zaren daga jikinta yake fita, babu wanda ya koya mata saƙa. Wata yarinya ta ce, "To wa yake biyan ta?" Fiddausi ta ce, "Allah mana!" Na nuna musu ƙwaron kwalin ashana, na ce idan ya hau jikinsu su hure shi, kada su murje. Na ce ita ma Masaƙiya kallo ake yi, ba a taɓawa, ba a jifa.

Muna cikin haka wata 'yar fara ta yi tsalle daga yakuwa ta faɗa saƙar. Kafin ƙiftawar ido Masaƙiya ta sauko ta naɗe ta. Yaran suka miƙe tsaye suna tafi. Inna ma cewa ta yi, "Yauwa, kama ɓarauniya!"

Da za a tashi, Inna ta ce su zauna, ta ba su labarin saƙar da aka yi a bakin kogo lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta ce tun tana ƙarama ta san labarin, ba ta dai taɓa haɗa shi da na bayan gidanta ba.

Malama ta duba agogo ta ce na yi minti ashirin da biyar ina magana. Ni, Baffa! Ta ce idan an koma makaranta zan maimaita a gaban aji, in zo da farantina. Na ce to, kuma muryata ba ta yi rawa ba.

'Yarka,
Sa'adatu

*

Daga kan dutsen Mambila
9 ga Satumba

Zuwa ga 'yata, 'yata, 'yata Sa'adatu,

Ga shi na rubuta sau uku, na biya wanda na manta. Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ruwa ne ya zabtare hanya a gangaren dutse, mota ba ta hawa ba ta sauka, sabis ma ya ɗauke. Takardunki biyu jiya suka iso tare.

Laifina ne. A tsaye na karanta waccan wasiƙar, idona ya faɗa kan ƙurji da gwangwani ƙarƙashin gado, na zaci gizo-gizon kika kamo kika rufe a ɗaki. Da mota ta tashi na sake karantawa a nutse, na ga wautata, amma ba halin kiran takarda ta dawo. Na rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga Inna, da bayanin ƙwaron nan ja da baƙi, tana nan a aljihuna har ta yi laushi. Yanzu na yaga ta. Abin da na cika shafi uku ina faɗa, ke kin faɗe shi da faranti ɗaya.

Shekara arba'in da shida ina ɗan Inna, ban taɓa ganin ta ɗauki tsintsiya ta ajiye ba ta yi shara ba. Na karanta wa manomin kabejin nan wasiƙarki. Ya ce wace makarantar gona kika yi, na ce ta bayan gidanmu.

Baffanki mai alfahari da ke,
Rabi'u

*

Gyadi-Gyadi
14 ga Satumba

Zuwa ga Baffa Rabi'u,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da kake lafiya. Babu komai, Baffa, na daina jin ciwon tun kafin takardarka ta zo. Wuyan Fiddausi ya warke, sai ɗan duhu. Gobe muke komawa makaranta, na wanke farantin na naɗe shi a jaka tare da gwangwanin.

Inna tana zaune kusa da ni, ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Rabi'u, ka ce abin da Inna ta ce shi za a yi. To ga abin da na ce. Na ɗaki dai ba zan bar shi ba, ko kai ka zo da digirinka. Ta lambu kuwa ma'aikaciyata ce, duk wanda ya taɓa ta shi da ni. Jiya yaron gidan mai wanki ya ɗauki dutse, sai da na bi shi har bakin titi da wannan gwiwar. Kuma idan za ka zo, ka taho wa malamar gidan nan da alli."

Na ce mata a makaranta akwai alli. Ta ce in rubuta dai.

'Yarka,
Sa'adatu